Ranar da ba ka ofis, aiki yana tafiya?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Na yi shi ne musamman saboda abokan aikinmu da suka ci jarrabawar ƙarin girma aka damƙa musu sashe ko reshe su riƙe. Ina taya ku murna, Allah Ya sanya alheri. Amma fa bayan an gama cin shinkafar walima, akwai magana.

Mu fara da yadda ake hawa a aikin gwamnatin tarayya. Mai digiri yana shiga ne a mataki na 08. Daga 07 zuwa 14, kowane hawa sai ka yi aƙalla shekara 3, daga 15 zuwa 17 kuma shekara 4. Lokaci ya yi ka zauna jarrabawa, ka haddace dokokin aiki da dokokin kuɗi, ka amsa tambayoyi kan al'amuran yau da kullum, idan akwai gurbi a ɗaga ka. A duk wannan tafiyar babu inda ake gwada ko za ka iya tafiyar da mutum goma masu hali goma. Kawai wata safiya za ka wayi gari kai ne oga, ga kujera mai juyi, ga masinja yana karɓar jakarka tun daga bakin mota, ga mutane sun zuba maka ido suna jiran ka ce a yi kaza.

Makarantun koyar da shugabanci kam muna da su. Akwai ASCON a Topo ta Badagry tun 1973, akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Kuru tun 1979, akwai cibiyar horar da ma'aikata a Abuja, ga kuma tsohuwar makarantar Kongo a Zariya da ta yaye manyan ma'aikatan Arewa tun zamanin Sardauna. Sai dai mutum nawa ne ake turawa? Wanda ya samu zuwa ma, sau da yawa sai furfura ta fito masa, halinsa ya riga ya bushe. Don haka mafi yawanmu a wurin ogogin da muka zauna da su muke koyo, mu kwashi mai kyau da maras kyau gaba ɗaya. Ni na kusa shekara ashirin ina wannan kallon. Na zauna ƙarƙashin shugabanni iri-iri, kuma abin da zan faɗa a nan daga gare su na tsinto shi.

Ma'aunina na shugaba guda ɗaya ne: ranar da ba ya ofis, aiki yana tafiya ko yana tsayawa?

Dalilina shi ne kujerar nan aro ce. Doka ta ce shekara 60 a duniya ko 35 a aiki, duk wanda ya riga zuwa, ka tattara. Ga kuma dokar wa'adi da aka kawo a 2009 zamanin Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka dakatar da ita a 2016, sannan ta dawo cikin sababbin dokokin aiki da aka fara amfani da su a watan Yulin 2023: darakta shekara 8 ya sauka, babban sakatare shekara 4, ana iya sabunta masa sau ɗaya. Mu da ke ƙasa da su kuma takarda ɗaya ce za ta fito ranar Juma'a, Litinin kana wata ma'aikatar. Tunda tafiya dole ce, abin tambaya shi ne me za ka bari a bayanka.

Kowa ya san irin ogan nan da fayil ke kwana a durowarsa, makulli kuma a aljihunsa. Lambar sirrin kwamfutar ofis shi kaɗai ya sani. Idan ya tafi Umara ko ya kwanta asibiti, shi ke nan an rufe kasuwa. In ya dawo ya tarar da tulin takardu sai ka ga har wani daɗi yake ji, wai ai ga shi nan an gane ba a iya komai sai da shi. Wanda ke biyan kuɗin wannan jin daɗin shi ne dattijon da ya biyo motar dare daga Nguru ko Mubi saboda takardar fanshonsa, bayan kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ya iso a ce masa oga ba ya nan, ya dawo wani mako. A ina zai kwana? Da me zai koma? Wallahi duk lokacin da muke maganar iya shugabanci a ofis, maganar wannan dattijon muke yi.

To, ga abubuwan da na ga suna aiki.

Na farko, ka iya ba da umarni a rubuce. Mafi yawan abin da muke rubutawa a kan fayil bai wuce "a duba", "a yi abin da ya dace", ko haruffan nan uku, KIV, waɗanda a aikace ma'anarsu a binne magana. Yaro zai karɓi fayil ya yi ta juya shi, bai san abin da kake so ba, yana kuma tsoron ya dawo ya tambaya. Umarni mai kyau yana ɗauke da abu uku: me za a yi, wa zai yi, yaushe za a dawo da shi. Misali: "Malam wane, a duba shafi na 14, a kwatanta da takardar umarnin da ke shafi na 9, a rubuto daftarin amsa, a dawo mini da shi ranar Laraba." Minti ɗaya zai ci maka. Amma ranar Laraba kana da abin tambaya, shi kuma yana da abin nunawa. Idan da baki ka ba da umarni, ka sa ya maimaita maka abin da ya ji kafin ya fita. Za ka sha mamakin tazarar da ke tsakanin abin da ka faɗa da abin da ya shiga kunnensa.

Na biyu, ka saki aiki, kuma na gaske. Wasu ogogin suna raba aikin wahala su riƙe wanda ake ganin mutum a cikinsa. Su ne a kowane taro, su ne a kowace tafiya, yara kuma sai buga takarda. Akwai wani ogana, Allah Ya jiƙansa, da ba ya zuwa taro shi kaɗai. Kullum sai ya ɗauki ɗaya daga cikinmu, ya zaunar da shi a bayansa da biro da takarda. A mota in ana dawowa sai ya tambaye ka: me ka fahimta, me ya sa wane ya yi shiru, da kai ne me za ka ce? Bayan wata uku sai ya tura ka kai kaɗai. Amma kafin ka fita zai gaya maka iyakarka: wannan za ka iya amsawa, wannan ka ce sai ka tuntuɓi ofis, maganar kuɗi kuwa kada ka ɗauki alkawari. Haka ake sakin aiki. Ka ba mutum igiya, ka gaya masa tsawonta.

Idan kuma yaro ya kawo maka daftari duk kurakurai, kada ka karɓe ka sake rubutawa da kanka. Na san ya fi sauri. Amma gobe ma haka zai kawo, jibi ma haka, har ka yi ritaya kana rubuta wasiƙun da ya kamata a ce ɗan mataki na 09 ne ke yi. Ka zaunar da shi minti goma, ka ja layi a inda ya kauce, ka gaya masa dalili, ya je ya gyaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka kuma tabbata kowane aiki a sashenka aƙalla mutum biyu sun iya shi, saboda haihuwa da rasuwa da rashin lafiya ba sa neman izini.

Na uku, ka san inda kowace takarda take. Littafin shige da ficen fayil da muke rainawa, shi ne madubin ofis. Ko kun koma amfani da kwamfuta, ka'idar ɗaya ce: yaushe ta shigo, tana hannun wa, kwana nawa ta yi. Tun 2004 aka kafa SERVICOM, aka ce kowace ma'aikata ta bayyana wa jama'a kwana nawa aiki zai ɗauka. Allunan suna nan a bango, wasu har sun koɗe. Kai ka mayar da naka gaskiya. Kowace Litinin da safe ku yi zama na minti ashirin, a tsaye ma ya fi, a karanto takardun da suka wuce mako ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya riƙe tasa. Sau da yawa za ka tarar abin da ya riƙe ta ɗan ƙarami ne: babu tawada a na'urar buga takarda, ko ana jiran sa hannun wani da ba wanda ya tuna masa. Kuma ka fara da teburinka. Idan fayil yana yin kwana goma a gabanka, ba ka da bakin tambayar wanda ya riƙe shi kwana uku.

Taro kuwa, duk wanda aka tashi ba a san wa zai yi me ba, hira aka yi. Kafin a watse a karanto abin da aka yanke, da sunan mai yi, da rana.

Na huɗu, ka faɗi gaskiya a wajen auna ma'aikaci. Mun san yadda fam ɗin APER ya koma. Ƙarshen shekara kowa zai kawo nasa, wani ma ya riga ya cike wajen oga da fensir, a sa hannu, kowa ya fita da maki mai tsoka. Wanda ke zuwa bakwai da rabi da wanda sai ranar albashi ake ganinsa, duk "na ƙwarai". Kana ganin kamar taimako ka yi, alhali ka gaya wa mai ƙoƙarin cewa ƙoƙarinsa banza ne. Yanzu gwamnatin tarayya tana maye gurbin APER da sabon tsarin auna ƙwazo, inda oga da ma'aikaci za su zauna tun farkon shekara su amince kan abin da za a cimma, a riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci. Tunanin ba sabo ba ne. Kwamitin Jerome Udoji da Janar Gowon ya kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, kuma ya ba da shawarar a riƙa tafiyar da aiki bisa manufa da sakamako. Abin da mutane suka riƙe daga rahoton shi ne ƙarin albashi da ariyas, har yau dattawa suna ba da labarin kuɗin Udoji da rediyo da babur ɗin da aka saya. Ɓangaren gyaran aikin kuwa aka bar shi a takarda. Idan mu masu sa hannu ba mu canza ba, sabon fam ɗin ma hanyar tsohon zai bi.

Dabarar mai sauƙi ce. Ka ajiye ɗan littafi, kowane ma'aikaci da shafinsa. Ya yi abin kirki ka rubuta da kwanan wata, ya yi sakaci ka rubuta, kuma ka gaya masa a lokacin. Kada mutum ya fara jin laifinsa a watan Disamba. In ka yi haka, ranar cike fam ba za ka dogara da wanda ya fi gaishe ka ba.

Na biyar, gyara a ɓoye, yabo a fili. Mutumin da ka daka wa tsawa a gaban masinja da baƙi, maigida ne a gidansa, wataƙila ma ya girme ka. Zai ce "to ranka ya daɗe", amma daga ranar ka rasa shi. Ka kira shi ofis, ka rufe ƙofa, ka fara da tambaya kafin hukunci, domin ruwa ba ya tsami banza. In magana ta ƙi ci, ka ja kunne a rubuce. In ta ƙi, sai takardar tuhuma, yadda doka ta tsara, a ba shi damar kare kansa. Wasu ogogin takardar tuhuma ce gaisuwarsu, har ta daina ba kowa tsoro. Wasu kuma ba sa taɓa bayarwa, wai kada a ce sun hana wani cin abinci, sai mutum biyu su riƙa ɗauke aikin mutum takwas. Duka biyun zalunci ne.

Idan aiki ya yi kyau, ka ambaci sunan wanda ya yi a gaban manya, in da hali ka sa a rubuta masa takardar yabo ta shiga fayil ɗinsa. Idan ya ɓaci, kai ne za ka shiga gaba ka amsa, daga baya ku yi taku a cikin gida. Hausawa sun ce babba juji ne. Ogan da ke cewa "ai yarana ne suka yi" a gaban babban sakatare, ya sani cewa labarin zai riga shi dawowa ofis, kuma daga ranar ba mai sake ɗaukar kasada dominsa.

Na shida, adalci wajen rabon abin da ke da maiƙo. A nan ne ake gane shugaba. Tafiye-tafiye, kwas, alawus, shiga kwamiti, kowa yana lissafi ko da bai yi magana ba. Ofisoshinmu sun haɗa kowa da kowa, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare, Musulmi da Kirista. Ranar da aka lura sunayen 'yan garinku ne ke maimaituwa, an gama da kai, ko da sun cancanta. Ka yi jadawali, ka manna shi inda kowa zai gani, wanda ya je wancan karon ya jira. In aikin yana buƙatar wani gwani na musamman, ka faɗi dalili a fili. Kuma ka yi hattara da mai kawo maka rahoton abokan aikinsa a asirce. Yau kai yake kawo wa, gobe kai zai kai.

Na bakwai, ka koyi cewa a'a ga na sama da kai, cikin ladabi kuma a rubuce. Wannan ya fi kowanne wuya. Tun korar da gwamnatin Janar Murtala ta yi wa ma'aikata sama da 10,000 a 1975, manyanmu ke cewa tsoro ya shiga aikin gwamnati, kowa ya koma kare kujerarsa. Amma doka ta ba ka mafaka. Idan aka ce ka yi abin da ya saɓa wa dokokin kuɗi ko Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, ba sai ka ɗaga murya ba. Ka rubuta a fayil: ranka ya daɗe, sashe kaza ya ce kaza, ga hanyar da za a bi a cimma abin da ake so ba tare da an karya shi ba, ina neman umarni. Sau da yawa maganar a nan take mutuwa, saboda ba kowa ke son sa hannunsa a ƙarƙashin irin wannan rubutun ba. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne ka ture wa ƙaramin ma'aikaci ya sa hannu a abin da kai ka ƙi taɓawa. Ranar da EFCC ko ICPC suka zo, sa hannu suke bi, ba sa tambayar wa ya ce a yi a waya.

Na takwas, ka san halin da mutanenka ke ciki. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kowa ya san abin da buhun shinkafa da kuɗin mota ke ci. Wanda ke fitowa daga Mararraba ko Suleja tun asuba yake kan hanya. Wannan bai zama lasisin makara ba, amma ya kamata ya hana ka kiran taro ƙarfe huɗu na yamma a kan abin da zai iya jira zuwa safe. Ka san sunan masinja da direba da mai shara. Ka je gaisuwar rasuwa, ka leƙa asibiti. Sannan ka bi musu haƙƙinsu: wanda ƙarin girmansa ya maƙale, wanda sunansa ya faɗi daga IPPIS, ka ɗaga waya ka yi magana. Kiran minti biyu daga gare ka zai iya rage masa zirga-zirgar wata biyu. Mutane suna yi wa irin wannan ogan aiki ko yana nan ko ba ya nan.

Na ƙarshe, ka fara rubuta takardar miƙa aiki tun makon da ka karɓi ofis. Ayyukan da ke gudana, inda kowanne ya tsaya, wa ake tuntuɓa, ina takardu suke, me ake bin ofis, me ofis ke bi. Duk wata ka sabunta ta, mataimakinka ya san inda take. Da yawanmu mun gaji ofisoshin da abin da aka miƙa mana bai wuce makulli da lissafin kujeru ba, muka yi wata shida muna tono abin da shafi huɗu za su gaya mana. Kada ka yi wa na bayanka haka.

Ku kuma ƙannenmu da ba a ba ku kujera ba tukuna, kada ku ce wannan ba taku ba ce. Teburinka ma ofis ne. Ka iya rubuta wasiƙa mai tsabta, ka karanta dokokin aiki don ka sani, ba don jarrabawa kaɗai ba. Idan za ka kai wa oga matsala, ka tafi da shawara biyu a hannu. Ɗan bautar ƙasar da aka turo muku, ka koya masa wani abu maimakon aikensa sayen abinci. Daga nan ake farawa. Ka kuma riƙa lura da ogoginka, abin da ya yi maka ciwo ka rubuta shi a zuciya, don kada ka yi wa wani ranar da ta zo kanka.

Ga gwaji ga duk wanda ke riƙe da sashe. Bana ka ɗauki hutunka na shekara cikakke. Ka miƙa wa mataimakinka aiki a rubuce, ka gaya masa abin da zai iya yankewa da abin da zai jira, ka sanar da na sama cewa shi ke riƙe, sannan ka daina kiran ofis safe da yamma. In ka dawo ka buɗe littafin shige da fice. Idan takardu sun yi ta fita, wanda ya zo daga nesa an sallame shi, to ka gode wa Allah, ka iya. Idan kuwa ka tarar da tuli yana jiranka, ka san inda za ka fara gyara, kuma da sauran lokaci.

Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin shugaba na gari, ya taimaka ya faɗa mana abu ɗaya da ya koya a wurinsa, ba sai an kama suna ba, ƙannenmu su amfana. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da muka ɗauka, Ya sa mu gama lafiya.